Yadda Ake Gina Hujjar Bincike kan Horon Ɗabi'a ga Masu Larurar Tasowar Ƙwaƙwalwa

Horon ɗabi'a rukuni ne na dabarun koyarwa da ake amfani da su wajen taimaka wa yara da manya masu larurar da ta shafi tasowar ƙwaƙwalwa, irin su otizim da raunin fahimta da sauran larurorin da jama'a kan haɗa su da sunan galahanga. Babu allura a cikinsa, babu ƙwaya. Ana lura da abin da ke faruwa kafin mutum ya aikata wani abu da abin da ke biyo bayansa, sannan a sauya waɗannan domin ya koyi abin da zai amfane shi: neman ruwa da baki ko da hoto, zuwa bayan gida da kansa, sa riga, ko daina buga kai da bango. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa horon ne ya kawo sauyin. Yaro yana girma ko an horar da shi ko ba a horar ba. Uwar da ta kashe kuɗi da lokaci tana ɗokin ganin ci gaba, malamin da ya ba da horon kuwa ba zai so a ce aikinsa ya tashi a banza ba. Shaidar baki kaɗai ba ta isa, shi ya sa masu bincike suka shafe fiye da shekara saba'in suna neman hanyoyin tantance abin da ke aiki daga abin da ake zaton yana aiki.

Aikin ya fara ne a Amurka, a manyan gidajen da ake tsare masu raunin fahimta, inda aka ɗauka cewa yawancinsu ba za su taɓa koyon komai ba. A 1949 Paul Fuller ya buga rahoto kan wani saurayi ɗan shekara 18 da ke kwance ba ya magana, ba ya iya juyawa. Duk lokacin da ya ɗaga hannun dama sai a ɗiga masa madara mai sukari a baki, kuma bayan 'yan zama kaɗan ya riƙa ɗaga hannun akai-akai. Rahoton ya ambaci saurayin da kalmomin da ba wanda zai yarda da su a yau, amma ya nuna cewa ƙa'idojin koyo da B. F. Skinner ya fitar suna aiki a kan mutumin da likitoci suka fid da rai da shi. A 1964 Montrose Wolf da Todd Risley da Hayden Mees sun ba da labarin yaro ɗan shekara uku da rabi mai otizim, wanda aka yi wa aikin yanar ido, kuma yana fuskantar rasa gani idan bai sa tabarau ba. Sun fara ba shi lada idan ya taɓa tabarau, sannan sai ya ɗauka, sannan sai ya kai kusa da fuska, har ya kai ga sa shi mafi yawan yini. A 1968 aka kafa mujalla ta musamman don wannan fanni, a 1971 kuma Nathan Azrin da Richard Foxx suka koya wa manya tara masu tsananin raunin fahimta zuwa bayan gida cikin 'yan kwanaki, a wani asibiti a jihar Illinois.

Yawancin waɗannan ayyuka na farko sun bi tsarin da ake kira gwajin mutum ɗaya, wanda a cikinsa mutum shi ne ma'aunin kansa. Ana ƙirga halin da ake son sauyawa na kwanaki kafin a taɓa komai, a zana adadin a jadawali. Sai a fara horo, a ci gaba da ƙirga. Idan adadin ya sauka, sai a janye horon a ga ko zai sake hawa, sannan a dawo da shi. Halin da ke sauka da hawa daidai da shigowa da fitar horo da wuya a ce girma ne ko sa'a ta sauya shi. Inda janyewa ba za ta yiwu ba, domin ba a mantar da yaro abin da ya riga ya koya, kuma ba daidai ba ne a bar shi ya koma cutar da kansa, sai a fara horon a lokuta daban-daban ga yara uku ko huɗu, ko a wurare daban-daban ga yaro ɗaya. Idan kowane layi ya motsa ne a lokacin da horo ya iso gare shi kawai, hujja ta samu.

Mafi girman abin da wannan tsari ya haifar shi ne fahimtar cewa mugun hali yana da dalili. A 1977 Edward Carr ya tattara abin da aka sani kan masu cutar da jikinsu, ya ce mai yiwuwa halin yana biya wa mai shi wata buƙata. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa a Baltimore suka gwada wannan a kan yara tara. Suna sa yaro a yanayi huɗu bi da bi: a ɗaya, babba yana juyowa ya kula shi idan ya bugi kansa, a wani, ana ba shi aiki mai wuya a janye idan ya bugi kansa, a na uku an bar shi shi kaɗai ba abin wasa, na huɗu kuwa wasa ne da kulawa ba tare da wani aiki ba. A shida daga cikin taran, bugun ya fi yawa a yanayi guda takamaimai. A 1994 suka buga sakamakon mutum 152: kusan kashi 38 cikin ɗari suna yi ne don tsere wa wani aiki ko yanayi, kashi 26 don samun kulawa ko wani abu, wasu kashi 26 kuma saboda abin da jikinsu ke ji. Yara biyu na iya cizon hannu iri ɗaya, dalilansu kuma su saba, har ya zama dabarar da ta taimaki ɗaya ta ƙara wa ɗayan matsala.

Daga nan hanya ta buɗe. A 1985 Carr da Mark Durand sun koya wa yara huɗu gajeren zance da zai samo musu abin da duka da kururuwa ke samo musu, wato neman taimako ga mai gudun aiki mai wuya, da neman a duba aikinsa ga mai son kulawa. Halin ya ragu sosai, kuma ya ragu ne kawai idan zancen da aka koyar ya dace da dalilin. An maimaita wannan dabara sau da yawa tun daga lokacin, da baki, da alamar hannu, da katin hoto, kuma tana cikin abubuwan da suka fi tsayawa da ƙafarsu a fannin. Darajarta ta wuce rage hali, domin ta ɗauki mai larura a matsayin wanda ke da abin faɗa.

Gwajin mutum ɗaya yana da iyaka. Yana nuna cewa dabara ta yi aiki ga wannan yaron a hannun wannan ƙwararren, amma ba ya faɗin mutum nawa cikin ɗari za su amfana. Gwajin da bai yi nasara ba kuma sau da yawa ba ya kaiwa ga mujalla, sai ɗakin karatu ya cika da nasarori zalla. A 2005 Robert Horner da abokansa sun kawo shawarar ƙa'ida: kada a kira dabara mai hujja sai an samu aƙalla bincike biyar masu inganci, daga masu bincike uku a wurare daban-daban, da suka haɗa mutum ashirin ko fiye.

Wani abin takaici da ya faru a farkon shekarun 1990 ya koya wa fannin darasi na daban. Wata dabara da ta samo asali a Ostareliya, Douglas Biklen na Jami'ar Syracuse ya yaɗa ta a Amurka, ta yi iƙirarin cewa mai otizim da ba ya magana zai iya rubuta tunaninsa a allon haruffa idan wani ya tallafe masa hannu. Iyaye sun yi kukan farin ciki da suka ga jimlolin soyayya daga 'ya'yansu. Wasu saƙonnin kuwa sun zargi iyaye da lalata, aka raba yara da gidajensu. A 1993, a wata cibiya a jihar New York, aka gwada mutum 12 ta hanya mai sauƙi: a nuna wa mai larura hoto ɗaya, a nuna wa mai tallafa masa wani, ba wanda ke ganin na ɗan'uwansa. Abin da ke fitowa daidai a allon shi ne hoton da mai tallafi ya gani. Masu tallafin ba maƙaryata ba ne. Hannunsu ne ke jan na wancan ba tare da sun sani ba. A 1994 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce dabarar ba ta da hujjar kimiyya. Mutanen kirki masu kyakkyawar niyya na iya ganin abin da babu shi, shi ya sa ake ɓoye wa mai auna sakamako wanda ya samu horo da wanda bai samu ba.

Babu binciken da ya yi tasiri kamar na Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda aka buga a 1987. Yara 19 masu otizim sun samu horo na kusan awa 40 a mako har shekara biyu ko fiye. Tara daga cikinsu, kashi 47 cikin ɗari, sun kammala ajin farko na firamare tare da sauran yara, ma'aunin basirarsu kuma ya kai matsakaici. A cikin yara 40 na rukunan kwatanci, ɗaya ne kawai ya kai wannan matsayi. Wannan adadi ya zama makamin iyaye a kotuna da majalisu, daga baya jihohin Amurka suka wajabta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin horon, har ya zama babbar sana'a. Amma ba ƙuri'a ce ta raba yaran ba. Samuwar ma'aikata ce ta yanke rukunin da yaro zai shiga. An kuma yi amfani da tsawa da mari a cinya ga wasu yaran. Da Tristram Smith, ɗalibin Lovaas, ya sake gwajin a 2000 da yara 28 da aka raba ta ƙuri'a, an ga amfani a ma'aunin basira, sai dai waɗanda suka kai matsayin da Lovaas ya ba da labari ba su kai ko kusa da rabi ba.

Ƙuri'a tana da muhimmanci ne domin iyayen da ke iya kai yaro horo kullum sukan bambanta da sauran a kuɗi da ilimi da lokaci, kuma waɗannan kaɗai na iya sauya sakamako. Cibiyar Cochrane, wadda ke tace binciken lafiya, ta duba horon farko mai tsanani a 2018, ta samu bincike biyar kacal da suka cika sharaɗinta, masu yara 219, ɗaya ne kawai na ƙuri'a, ta kuma ce hujjar mai rauni ce. A 2020 Micheal Sandbank da abokan aikinta sun tattara bincike 130 da suka shafi yara 6,240. Da aka lissafa komai, dabaru da yawa sun nuna amfani. Da aka ware na ƙuri'a kaɗai, sai jerin ya ragu. Da aka cire waɗanda iyaye ne suka ba da maki, ko masu aunawa sun san rukunin yaro, kusan babu abin da ya rage a tsaye. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wannan ba ya nufin horon ba ya aiki. Yana nufin an daɗe ana yi wa iyaye alkawarin da ya fi ƙarfin hujjar da ke hannu. Sabunta nazarin da aka yi a 2023 ya kai bincike 252, kuma ya nuna gwaje-gwajen ƙuri'a sun ƙaru sosai.

Gwaje-gwajen da aka tsara da kyau suna ba da amsa mai tawali'u, amma abin dogaro. A 2010 mujallar Lancet ta buga gwajin PACT na Jonathan Green, da yara 152 a Landan da Manchester da Newcastle. Ana ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da yaro, sai ƙwararre ya zauna da su su kalla tare, su gano inda yaron ya yi yunƙurin sadarwa ba a lura ba. Bayan wata 13, mu'amalar iyaye da yara ta gyaru a fili, amma babban ma'aunin da aka ayyana tun farko, wato tsananin alamomin otizim, bai nuna bambanci mai gamsarwa ba, kuma masu binciken sun faɗi haka ba ɓoye-ɓoye. Da aka sake bin yaran bayan kusan shekara shida, rahoton 2016 ya nuna alamomin sun fi sauƙi a rukunin da ya samu horon. A 2015 kuma Karen Bearss da abokan aikinta a Amurka sun raba iyalan yara 180, masu shekara uku zuwa bakwai, gida biyu: wasu aka koya musu dabarun tunkarar fushi da duka da ƙin bin umarni, wasu aka ba su darussa kan otizim kawai. Bayan mako 24, alƙalan da ba su san rukunin yaro ba sun ga gyara a kashi 68.5 na rukunin farko, da kashi 39.6 na na biyu. Adadi na biyun abin lura ne: da babu rukunin kwatanci, da an jingina wa horon gyaran da wani ɓangarensa zai zo ko babu shi.

Manya masu raunin fahimta sun fi yara ƙarancin bincike, alhali su ne aka fi ɗura wa magungunan taɓin hankali don a kwantar da su. A 2008 Peter Tyrer ya gwada risperidone da haloperidol da ƙwaya marar magani a kan manya 86 masu kai duka, a Ingila da Wales da Ostareliya. Bayan mako huɗu duka ya ragu a rukunan uku, kuma ya fi raguwa a masu shan ƙwaya marar magani. Bayan da BBC ta fallasa azabtar da masu larura a asibitin Winterbourne View kusa da Bristol a 2011, hukumomin Ingila sun karkata ga tallafin ɗabi'a marar hukunci mai zafi, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya kuma ta fitar da jagora a 2015 da ta ce a fara binciken dalilin hali kafin a kai ga magani. Sai dai wannan ma bai tsira daga gwaji ba. Angela Hassiotis ta nuna a 2009, da mutum 63, cewa tawagar ƙwararru ta musamman tana rage halin. Da ta gwada horar da ma'aikatan gwamnati na yau da kullum a cibiyoyi 23, da mutum 246, sakamakon 2018 bai nuna bambanci ba, kuma yawancin ma'aikatan ba su samu sukunin kammala tsarin yadda aka koya musu ba saboda yawan aiki. Dabara mai kyau a hannun ƙwararre na iya narkewa kafin ta isa ga mai buƙata.

Akwai tambayar da adadi ba ya amsawa: wa ya zaɓi abin da za a sauya? Wolf da kansa ya rubuta a 1978 cewa dole a tambayi mutane ko manufar horo da hanyarsa karɓaɓɓu ne a wurinsu. An daɗe ana tambayar iyaye da malamai, ba a tambayar masu larurar. Manya masu otizim da suka tashi cikin irin wannan horo yanzu suna magana, kuma da yawansu sun ce an tilasta musu kallon ido da daina kaɗa hannu, abubuwan da ba sa cutar da kowa, har suka koyi cewa ƙin yarda laifi ne. Ƙorafin yana da nauyi, kuma bincike bai shirya masa ba. Kristen Bottema-Beutel ta duba rahotanni 150 na gwajin horon ƙananan yara, ta samu 11 kacal da suka ambaci ko an samu illa. Ta kuma nuna cewa da yawa daga masu binciken suna da riba a dabarar da suke gwadawa, kuma ba su bayyana ba. Babu hukumar da za ta amince da maganin da ba a binciki illarsa ba, bai kamata horo ya zama daban ba. A can ƙarshen zangon akwai Cibiyar Judge Rotenberg a Massachusetts, mai amfani da jan wutar lantarki a fata don hana hali. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta na'urar a 2020, kotu ta soke haramcin a 2021.

Babban giɓin shi ne na wuri. Wani nazari na duniya da Bolajoko Olusanya, likitar yara daga Legas, ta jagoranta a 2018 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 52.9 'yan ƙasa da shekara biyar ne ke da larurar tasowa a 2016, kashi 95 cikin ɗari kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ko matsakaicin arziki. Hujjar kuwa kusan duk daga Amurka da Turai ta fito. Wani bita na 2017 ya samu maƙalu 53 kacal kan otizim a Afirka kudu da Sahara, mafi yawansu daga Afirka ta Kudu da Najeriya. Awa 40 a mako da ƙwararre ba abin da iyali a Butajira ta Habasha ko Zinder ko Gusau zai yi mafarkinsa ba ne, don haka tambayar a nan ta koma ko iyaye da ma'aikatan lafiya na unguwa za su iya ɗaukar aikin. An gwada wani nau'in PACT a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan da yara 65, ma'aikatan da ba ƙwararru ba suka ba da shi, kuma rahoton 2016 ya nuna mu'amalar iyaye da yara ta inganta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shirin horar da masu reno, mai zaman rukuni tara da ziyarar gida uku, wanda aka daidaita shi a Habasha da Kenya, aka kuma sa shi a babban gwajin ƙuri'a a ƙasashen biyu.

A Najeriya, Mashudat Bello-Mojeed da abokan aikinta sun horar da iyaye mata 20 a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a Legas, a zama biyar, kan gano dalilin duka da cutar da kai. Rahotonsu na 2016 ya nuna halin ya ragu, sai dai babu rukunin kwatanci, don haka abin da ya tabbatar shi ne cewa shirin mai yiwuwa ne kuma iyaye sun karɓe shi. Kafin a kai ga gwajin ƙuri'a a ƙasar Hausa akwai aikin share fage. Ma'aunan da ake auna ci gaba da su an gina su ne a kan rayuwar wasu ƙasashe: suna tambaya ko yaro na cin abinci da cokali mai yatsu, ko yana kallon babba ido cikin ido, alhali a gidan Bahaushe sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. Mai renon yaro kuma sau da yawa ba uwa kaɗai ba ce. Akwai kaka da goggo da yayye da abokiyar zama, kuma horon da aka ba mutum ɗaya a irin wannan gida zai sha bamban da wanda aka gwada a Manchester. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi da kula da lafiya, amma ba ta faɗi dabarar da za a bi a aji ko a asibiti ba, kuma amsar wannan tana jiran ma'aunai da aka fassara aka tantance cikin harsunan gida, da gwaje-gwaje masu rukunin kwatanci da ke ƙirga illa tare da amfani.